Manhajarka ba ta da laifi, mabuɗi na daban Gmail yake nema

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na fahimci matsalar: ka haɗa wa wata makaranta manhajar rasit da yaren rubuta manhaja na PHP, ka sa PHPMailer, kayan aikin tura imel na PHP, ya riƙa tura wa iyaye rasit ta adireshin Gmail na makarantar, amma kullum sai ya dawo maka da 535-5.7.8, wai ba a karɓi suna da kalmar sirri ba, alhali da kalmar nan kake buɗe akwatin lafiya lau. Ka daina canja kalmar sirrin, ko sau goma ka canja ba zai yi ba. Na sha fama da wannan a wuraren da nake kula musu da kwamfutoci, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

A da akwai wani maɓalli a cikin asusun Google da ake kunnawa don ƙyale manhajoji masu ƙarancin tsaro su shiga da kalmar sirri ta yau da kullum. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya rufe wannan hanya ga masu Gmail na kyauta. Yawancin bidiyon koyarwa da mutanenmu ke bi an yi su ne kafin lokacin, don haka za ka bi mutum tiryan-tiryan, nasa ya tafi, naka ya tsaya. Kuma ni ina ganin rufewar daidai ce. Kalmar da ke buɗe wasiƙu da hotuna da duk takardun makaranta bai kamata a ce tana kwance cikin fayil a kan sabar (kwamfutar da manhajar ke zaune a kai) da mutum biyar ke shiga ba.

Abin da za ka yi shi ne ka shiga asusun, ka je sashen tsaro, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato wadda ake turo lamba a waya. Sai an kunna ta sannan wurin da aka rubuta App passwords zai buɗu maka; idan ba ka gan shi ba, rubuta sunan a wurin bincike na asusun. Ka ba shi suna, misali “rasit”, zai fito maka da haruffa 16 a rukuni huɗu. Sau ɗaya tak ake nuna su. Ka kwafe su ba tare da tazarar da ke tsakani ba, ka sa a gurbin kalmar sirri a manhajar. Gurbin suna kuwa cikakken adireshin ake sa wa, har da @gmail.com. Sabar ita ce smtp.gmail.com.

Sai batun ƙofa, wadda za ka ga an rubuta Port. Biyu ne gare ka, kowace da irin makullinta. Ƙofa ta 587 tana tafiya da STARTTLS: ana fara gaisawa a buɗe, sannan a rufe layin kafin a miƙa kalmar sirri. Ƙofa ta 465 kuwa a rufe ake farawa tun daga sallama, ita ce PHPMailer ke kira ENCRYPTION_SMTPS. Idan ka haɗa 465 da STARTTLS, shafin zai yi ta juyawa har lokaci ya ƙare ba tare da ya gaya maka dalili ba. Ƙofa ta 25 ka manta da ita, kamfanonin hayar saba da yawa sun toshe ta saboda masu tura tarkacen saƙonni.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, don a nan na ga an fi yin ɓarna. Bayan ka gyara kalmar sirri, mai yiwuwa wani kuskuren ya fito, na cewa an kasa tantance satifiket. Da ka bincika za ka ci karo da masu cewa ka mai da verify_peer, saitin da ke duba satifiket, ya zama false, wato a kashe, nan take saƙo ya tafi. Don Allah kada ka yi. Satifiket ɗin nan shi ne kaɗai abin da ke tabbatar wa manhajarka cewa da Google take magana, ba da wani da ya tsaya a tsakani ba. Idan ka kashe shi, ka yarda ke nan ta miƙa mabuɗin ga duk wanda ya amsa sallama.

Sau biyu na gamu da wannan kuskuren, kuma duka biyun dalilin ƙarami ne. Na farko a ofishin akanta na wata makaranta: batirin agogon da ke cikin kwamfutar ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, sai ta ɗauka lokacin satifiket bai yi ba tukuna. Na canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na saita agogo, magana ta ƙare. Na biyu a kan sabar haya ce. Manhajar tana aiki sumul a kwamfutata, da na ɗora ta can sai ta ƙi, ashe masu sabar suna karkatar da duk saƙon da zai fita zuwa tasu sabar imel, sunan da ke kan satifiket ya saɓa da wanda aka nema. Na rubuta musu, suka buɗe mini 587. Idan naka ma a gida yana yi, a can ba ya yi, su za ka fara tuntuɓa kafin ka taɓa ko layi ɗaya.

Haruffan nan 16 kuma kada ka raina su. Duk wanda ya same su zai iya aika saƙo da sunan makarantar, har ya karanta wasiƙun da ke ciki, ba tare da an turo wa kowa lamba a waya ba. Saboda haka ba na haɗa manhaja da akwatin shugaban makaranta. Sabon adireshi nake buɗewa na aikawa kawai. Mabuɗin kuma a fayil na daban nake ajiye shi, wanda ba a iya buɗewa ta intanet, kuma ba ya bin sauran aikin zuwa GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu. Kowace na'ura da nata: idan injin sikana ma zai riƙa tura takardu, a ciro masa nasa, don ranar da aka sace ɗaya ka soke shi kaɗai.

Wani abu da ya taɓa tsayar mana da aiki a makon biyan kuɗin makaranta: wani ma'aikaci ya canja babbar kalmar sirrin asusun da kyakkyawar niyya, bai san yin haka yana soke duk mabuɗan manhajoji ba. Kwana biyu rasit bai fita ba kafin a kira ni. Ka gaya musu wannan tun yau. Ka kuma duba layin wa aka sa a matakin tantancewa. Ya zama na makaranta ne, ba na malamin da zai iya barin aiki gobe ba. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, a buga su a takarda a kulle a ofis.

Adireshin mai aikawa ya zama shi ne wanda ka shiga da shi. Idan ka rubuta wani daban ba tare da ka yi masa rajista a cikin Gmail ba, za a mayar da shi na asalin. Sannan ka ƙirga iyayen. Gmail na kyauta ba ya wuce saƙo 500 a rana, na Workspace, wato wanda aka tanadar wa kamfanoni da makarantu, 2,000, kuma idan ka zarce za a dakatar da aikawa har kusan kwana guda. Makaranta mai ɗalibai 300 da ke tura rasit jefi-jefi ba ta da damuwa. Idan kuwa sakamakon jarrabawa za a tura wa mutum dubu a yini ɗaya, Gmail ba wurinsa ba ne. Sai a nemi masu hidimar aika imel irin su Brevo ko Amazon SES, a yi amfani da sunan shafin makarantar, a saita masa SPF da DKIM, saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare shi ya fito, domin tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsananta a kan saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma OAuth2, hanyar shiga da izinin Google ba tare da kalmar sirri ba, wadda ta fi duka tsaro kuma PHPMailer yana ɗaukarta, sai dai saitinta ya fi tsawo; ka fara samun wannan ya tashi tukuna.

Idan ka yi duk wannan bai tafi ba, ka sa SMTPDebug, saitin PHPMailer da ke nuna abin da ke gudana yayin aikawa, a kan 2, ka sake gwadawa, ka turo mini layukan da suka fito tare da lambar ƙofar da ka zaɓa da inda manhajar take zaune. Kafin ka turo ka duba da kyau, ka goge adireshin makarantar da duk abin da ya yi kama da kalmar sirri.