Shugabannin ɗalibai: naɗi ko ƙuri'a?

Malam, ka tambaya ko malamai ne ya kamata su naɗa shugabannin ɗalibai a sakandare ko a bar yaran su zaɓa. A haɗa biyun: malamai su tace 'yan takara, uku a kowane muƙami, sannan ɗalibai su kaɗa ƙuri'a a asirce.

Sai dai kada tacewar ta tsaya kan maki. Mun taɓa naɗa yaron da kullum shi ke zuwa na ɗaya, amma da safe ko layi ya kasa tsayarwa, muryarsa ba ta wuce sahun gaba. Wanda yaran ke jin maganarsa wani ne mai matsakaicin ƙoƙari, wanda tun yana aji ɗaya shi ke raba faɗa a filin ƙwallo.