Awon Tsamin Ƙasa: Jera Lambobin Kafin Ka Raba

Ɗana, ka ce ka auna tsamin ƙasa a wuri tara a gonar nan ta bayan Kura, ka haɗa lambobin ka raba gida tara ka samu 5.9, kana tambaya ko ka gaya wa mai gona ƙasarsa lafiya lau. Dakata tukuna, miƙo min littafin.

Jera su daga ƙarami zuwa babba: 5.1, 5.2, 5.3, 5.3, 5.4, 5.5, 5.6, sai 7.9 da 8.2. Ka gani? Bakwai suna tafe tare kamar tumakin gida ɗaya, biyu sun ware can nesa. Waɗannan biyun ne suka ja lissafinka sama. A duk gonar babu inda ya ba ka 5.9. Ɗora yatsa a kan ta tsakiya, wato ta biyar: 5.4. Ita ce ta fi kusa da gaskiyar gonar.

Kada ka raina wannan ɗan bambanci. A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da waɗannan lambobin suka fito daga gare shi, 7 ne tsaka-tsaki, kuma duk saukar lamba ɗaya tsami ya ninka sau goma. Ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma cur. Idan aka yi ƙasa da 5.5, saiwar masara kan fara wahala, sinadarin fosfaras na cikin taki ya maƙale a ƙasa, shuka ba ta samu. Manomi ya zuba kuɗinsa a NPK, kara ya tsaya a tsugune. Wannan shi ke ci min rai, domin buhun taki yanzu ba wasa ba ne. Yawan yuriya shekara da shekaru ma yana ƙara tsamin.

Su kuwa biyun nan, 7.9 da 8.2, ina ka ɗebo su? Ina kyautata zaton ɗaya gindin tsohon juji ne inda ake zubar da toka, ɗayar kuma gefen fadama inda kanwa ke fitowa fari-fari da rani. Kada ka goge su, ka rubuta su daban, domin maganinsu daban. Farar ƙasa maganin tsami ce, wanda kuwa ya watsa ta a wurin kanwa ya ƙara wa Barno dawaki.

Gobe da sassafe ka daidaita na'urar awon da ruwan gwaji mai pH 4 da mai pH 7, ka koma wuraren biyu. Haƙa zurfin santimita 20, ka shanya ƙasar a inuwa, ka tankaɗe, ka sake awo sau uku-uku. Ka zo min da zanen gonar, kowace lamba a inda ka same ta.