Yadda Ake Gwada Ƙarfin Wasa da Ingancin Allon Sabuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka domin wasanni, mai katin hoto RTX 4060 da allo mai 144Hz (wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa), kuma mai sayarwa ya ba ni 'yan kwanaki da zan iya mayar da ita idan na ga matsala. Wasan da na fara kunnawa ya tafi sumul da farko, amma da aka jima sai ya riƙa sarƙewa, sannan launukan allon ba su kai na wayata kyau ba. Ta yaya zan gwada ta in san ko lafiyarta ƙalau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka fara da allon kafin ka taɓa wasa, domin yawancin abin da ke sa wasa sarƙewa ana iya gyara shi da saiti ko da sabunta manhaja, amma aibin allo da shi aka ƙero kwamfutar, kuma da zarar kwanakin mayarwa sun wuce to ka zauna da shi ke nan.

Ka goge allon da ƙyalle mai laushi, saboda ƙura tana kama da mataccen ɗigo, sannan ka cika fuskarsa da launi ɗaya tak: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, kana dubawa daga kusa. Allo mai 1920 a 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kowane ɗigo kuma ya ƙunshi ƙananan sassa uku, ja da kore da shuɗi. Idan ka ga baƙin ɗigo a kan fari, wannan ɗigon ya mutu. Idan kuwa ɗigo mai launi ne ya ƙi canzawa a kan baƙi, to ya maƙale ne. Dalilin gaggawa a nan shi ne, garantin kamfanoni da dama ba ya ɗaukar ɗigo ɗaya ko biyu a matsayin aibin da za a canza allo dominsa, don haka damar mayarwa da mai sayarwa ya ba ka ta fi garantin amfani a wannan fanni.

Daga nan sai ka kashe fitilar ɗaki, ka bar baƙin hoton a kan allo, ka sa hasken a matakin da ka saba aiki da shi. Allon IPS, wanda shi ne a yawancin kwamfutocin wasa, yana da fitila a bayansa da ba ta mutuwa ko da hoton baƙi ne, saboda haka dole ka ga ɗan haske. Abin da za ka bambance shi ne iri biyu na wannan haske. Idan ka karkata kanka ka ga hasken kusurwa ya gusa ko ya ragu, wannan ɗabi'ar IPS ce, ba aibi ba ne. Idan kuwa yana nan daram a gefe ɗaya kamar an haska tocila daga ƙarƙashin firam ɗin, ko ta ina ka kalla, to haske ne ke yoyo saboda yadda aka matse allon wajen haɗa shi. Kaɗan daga ciki ana haƙuri da shi. Wanda ke bayyana a tsakiyar wasa mai duhu dalili ne na mayarwa. Kada ka yanke hukunci da hoton da waya ta ɗauka a duhu, domin kyamara tana ninka hasken fiye da abin da ido ke gani.

Batun launi kuwa, akwai yiwuwar wayarka allon OLED gare ta, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa kuma baƙi yake zama baƙi ƙirin, alhali IPS na yau da kullum bambancin farinsa da baƙinsa bai wuce wajen 1000 a kan 1 ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa allon kwamfutar ya yi kamar ya koɗe a gefen waya. Amma akwai wani dalili da na fi zargi. Kamfanoni sukan haɗa katin hoto mai ƙarfi da allo mai araha domin rage tsadar na'ura, sai su rubuta 144Hz da manyan haruffa, su ɓoye 45% NTSC, wato adadin launukan da allon ke iya nunawa, a ƙasan takarda. Allon da ke da wannan adadi yana nuna kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na launukan ma'aunin sRGB, wanda a kansa ake tsara yawancin wasanni da shafukan intanet, shi ya sa ja yake karkata zuwa ruwan lemo, kore kuma ya dushe. Abin da ake so a gani shi ne 100% sRGB, ko 72% NTSC wanda ya yi kusa da shi. Manhajar HWiNFO, wadda kyauta ce, za ta nuna maka lambar ainihin allon da aka sa, kuma da wannan lamba za ka samo bayanansa, har da ƙarfin haskensa: nit 250 na cikin ɗaki ne kawai, 300 ya wadatar, 400 zuwa sama shi ne wanda ba ya damuwa da hasken taga. Babu wani saiti da zai ƙara wa allo launin da ba a ƙera shi da shi ba. Idan haka naka yake, lafiyarsa ƙalau, sai dai ajinsa ke nan, kuma zaɓinka shi ne mayarwa ko haɗa wani allo na waje.

Ka kuma shiga saitin allo na Windows ka tabbatar an zaɓi 144Hz, domin ba abin mamaki ba ne a tarar yana kan 60. Sannan ka buɗe shafin TestUFO ka kalli hoton da ke gudu. A 144Hz allo yana sabunta hoto duk bayan kashi 6.9 cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan ɗigoginsa sun fi haka jinkirin sauya launi, za ka ga inuwa tana bin hoton a baya. Allo na iya zama 144Hz da gaske amma motsinsa ya yi dishi-dishi saboda wannan jinkiri.

Yanzu sai wasa. Kafin kowane gwaji, ka jona cajar da ta zo da kwamfutar, ba ƙaramar cajar USB-C ba, domin a kan batir ko ƙaramar caja na'urar da kanta take rage ƙarfinta. Ka zaɓi yanayin cikakken ƙarfi a manhajar kamfanin, ka bari Windows ya gama sabunta kansa, ka sa sabon direban Nvidia, wato manhajar da kamfanin da ya ƙera katin hoton ke fitarwa domin sarrafa shi, ka ɗora kwamfutar a kan tebur inda iska ke shiga ta ƙasa. Ka kuma tabbatar katin Nvidia ne ke gudanar da wasan, ba ƙaramin katin da ke cikin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba. Idan kwamfutar tana da maɓallin MUX a manhajarta, ka kunna shi domin hoto ya tafi allo kai tsaye daga katin Nvidia.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa la'akari da shi, wato sunan katin hoto ba ya faɗin ƙarfinsa shi kaɗai. Nvidia ta bar wa kamfanoni su ba RTX 4060 na kwamfutar tafi-da-gidanka wuta daga wat 35 har zuwa 115, saboda haka na'urori biyu masu suna ɗaya na iya yin nisa da juna ƙwarai. Za ka ga adadin naka a sashen bayanan na'ura na manhajar Nvidia. Idan ka gudanar da gwajin Time Spy na 3DMark, manhajar auna ƙarfin kwamfuta a wasa, ka kwatanta sakamakonka da na kwamfuta irin taka sak, ko aƙalla mai adadin wat ɗaya. Bambancin kashi 3 ko 5 cikin ɗari ba komai ba ne. A ganina sai ya kai kashi 15 zuwa sama ne ya cancanci bincike.

Sai dai wannan gwaji gajere ne, kuma koken naka ba na mintunan farko ba ne. Kwamfutar da aka kunna yanzu tana da sanyi, tana iya gudu da dukkan ƙarfinta na ɗan lokaci kafin zafi ya cika bututun sanyaya ta, shi ya sa ainihin halinta ba ya fitowa sai bayan minti 20 zuwa 30 na wasa ba tsayawa. Ka sa manhajojin MSI Afterburner da RivaTuner domin su nuna maka lambobi a kan allo kana cikin wasa: FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, da zafin firosesa da na katin hoto, da saurinsu, da wutar da katin ke ja, da yawan ma'ajiyarsa da aka cika. Ka kashe DLSS, wato fasahar Nvidia ta ƙara saurin wasa, da fasahar ƙirƙiro ƙarin hotuna a zagayen farko, domin suna ɗaga lamba su rufe matsala. Idan wasan yana da gwajin da aka gina a cikinsa, irin na Cyberpunk 2077 ko Shadow of the Tomb Raider, ka gudanar da shi tun na'urar tana da sanyi, ka yi wasa rabin sa'a, sannan ka sake gudanar da shi nan take. Tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu ita ce amsar tambayarka.

Kada matsakaicin FPS ya ruɗe ka. A 60 FPS kowane hoto yana ɗaukar kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan hoto ɗaya ya ɗauki 50, hannunka da idonka za su ji tsaikon ko da matsakaicin bai motsa ba. Saboda haka ka kunna layin da ke nuna lokacin kowane hoto, da kuma adadin da ake kira 1% low, wanda ke auna mafi jinkirin hotuna. Wasan da ke kan 70 kuma mafi ƙarancinsa 55 ya fi daɗin bugawa a kan wanda ke kan 100 yana faɗuwa zuwa 30.

Ga yadda za ka karanta abin da ka gani. Idan firosesa ya kai digiri 95 zuwa 100, ko katin hoto ya tsaya a wajen 87, kuma a daidai lokacin saurinsu ya faɗi, FPS ya bi shi, to zafi ne ke tilasta wa na'urar rage gudu, kuma HWiNFO yana da layin da ke tabbatar da hakan. Zafi mai yawa shi kaɗai ba laifi ba ne a irin waɗannan kwamfutoci matuƙar saurin bai faɗi ba. Ka saurari fankokin, ka sa hannu a mafitar iska ta kowane gefe. Idan ɗaya ba ta fitar da komai, ko wata fanka tana ƙara kamar tana gogar wani abu, ba sai ka ci gaba da gwaji ba. Idan kuwa zafin daidai yake amma wasan na sarƙewa bayan an jima, ka dubi ma'ajiyar katin hoto. RTX 4060 gigabait 8 gare shi, kuma sababbin wasanni a saiti mafi girma suna iya cika shi a hankali yayin da kake shiga sababbin wurare. Rage ingancin zanen saman abubuwa da mataki ɗaya yakan kawar da wannan. Haka nan idan RAM ɗinka, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfutar, gigabait 8 ne, ko sanda ɗaya ce tak a ciki, wanda manhajar CPU-Z za ta nuna maka, ƙara ta biyu yakan daidaita waɗannan faɗuwa. Sarƙewar da ke zuwa a karon farko da aka kunna sabon wasa, ta kuma ɓace a karo na biyu, daga wasan take, yana shirya fayilolinsa ne.

Abin da zan mayar ba tare da jinkiri ba shi ne allo mai mataccen ɗigo a tsakiya ko yoyon haske mai yawa, da na'urar da ke mutuwa ko fita daga wasa da kanta, da wadda ke nuna wasu zane-zane da ba na wasan ba ko ƙyaftawa a hoto, da wadda sakamakonta na biyu ya faɗi ƙasa sosai alhali tana kan tebur da cajarta. Kafin ka je, ka sa HWiNFO ya adana bayanan rabin sa'ar nan a fayil, ka ɗauki hoton sakamakon gwajin na farko da na biyu, ka kuma riƙe kwali da rasit, domin mai sayarwa zai kunna ta tana da sanyi ne, kuma a minti biyar na farko za ta yi masa aiki sumul kamar yadda ta yi maka.