Amsar murya kan gudun tsofaffin motocin 'yan sandan babbar hanya na Amurka

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Alhaji, na saurari muryarka, ka ce a faɗa maka iyakar gudun tsofaffin motocin nan na 'yan sandan babbar hanya a Amurka, kuma wai da gaske ne na 1969 sun fi na bayansu ƙarfi nesa ba kusa ba. To ni dai yadda na fahimce ka, ainihin abin da kake son ji shi ne ko akwai wani inji na sirri da ake sa wa 'yan sanda wanda ba a sayar wa kowa. Babu shi, ranka ya daɗe. Injin da ke cikin motar da kowa ke magana a kanta, wato Dodge Polara ta 1969 ta 'yan sandan hanyar Kalifoniya, shi ne 440 Magnum (440 ɗin girman injin ne a awon inci na Amurka), kuma shi ɗin ne dai a cikin Charger R/T da Plymouth GTX da duk mai kuɗi zai shiga shago ya saya a shekarar. Silinda takwas, lita 7.2, kabureta ƙirar Carter mai maƙogwaro huɗu, matsin silinda 10.1 bisa 1, giyabos atomatik TorqueFlite mai giya uku. A takarda ƙarfin doki 375 ne a juyi 4,600 a minti.

Gudun da ake ambata mata shi ne mil 147 a awa, wato kilomita 236 da ɗoriya, a filin gwajin Chrysler da ke Chelsea a jihar Mishigan. Daga tsaye zuwa mil 60 kuma daƙiƙa 6.3. Mota ce mai ƙofa huɗu fa, doguwa, tazarar tayar gaba da ta baya inci 122, domin Kalifoniya ta sa sharaɗin kada motar sintirinta ta gaza haka. In kana son ka kwatanta, Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna injinta lita biyu ne, bai cika doki 100 ba, kuma wajen kilomita 160 take ƙurewa. To ka ga ratar.

Amma tsaya, wannan 375 ɗin shi ne abin da ke damuna kullum in an ɗauko maganar nan, domin mutane na ɗora shi kusa da 255 na injin 440 na 1978 su ce an zubar da doki 120. Ba haka lissafin yake ba. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara a kan benci: babu salansa, babu matatar iska, babu fanka, babu caja, an saita wuta da mai yadda zai ba da iyakar abin da yake da shi. Daga 1972 aka koma auna shi da duk kayansa a jiki, yadda zai zauna a cikin mota. Kamar awon rago da ransa ne da awon nama bayan an feɗe, dabba ɗaya ce amma sikeli ba zai nuna abu ɗaya ba. Kuma hujjar tana nan a 1971, shekarar da Chrysler ta buga awon biyu a tare: 440 ɗin nan, tsohon awo 370, sabon awo 305. Inji ɗaya, rana ɗaya, bambancin 65 daga alƙalami kawai. Saboda haka Polara ta 1969 in ka auna ta da sikelin yau wajen 310 take. Daga 310 zuwa 255 an yi asara, ba musu, amma kusan 55 ce, ba 120 ba. Duk wanda ya turo maka hoton da aka jera lambobin nan ba tare da wannan bayanin ba, bai san abin da yake jerawa ba.

To me ya cinye 55 ɗin? Dokar tsabtace iska ta 1970 ce mafari. An sauke matsin silinda, na 440 ya dawo 8.2 bisa 1 a 1972, saboda ana shirin barin fetur mai dalma a koma marar dalma, shi kuwa ba ya jure babban matsi, inji zai riƙa ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a ciki. An ja wuta baya, an rage mai a kabureta, an sa bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, daga 1975 kuma tukunyar tace hayaƙi ta shigo cikin salansar yawancin motoci ta ƙara shaƙe numfashi. Ga takunkumin man Larabawa na 1973, ga dokar mil 55 a awa da shugaban Amurka Nixon ya sa wa hannu a Janairun 1974, wato kilomita 89 a duk manyan hanyoyin ƙasar. Duk da haka Plymouth Fury ta 1978, shekarar ƙarshe ta 440 a mota, ta yi wajen mil 133 a gwajin 'yan sandan jihar Mishigan. Kilomita 214 kenan. Ba mota ce mai rauni ba ko kaɗan.

Inda abin ya lalace na gaske shi ne 1980, kuma nan ne nake son ku tsaya ku ji. Dodge St. Regis. Sauran jihohi sun samu inji 360 mai doki 185, yana haura mil 120, babu laifi. Kalifoniya kuwa dokar hayaƙinta ta fi ta tarayya tsauri, 360 ɗin bai wuce ba, sai aka ba su 318, lita 5.2, doki 155. Ka ɗauki doki 155 ka ɗora masa babbar mota, ka sa rediyo, ka sa ƙarfen turi a gaba, ka cika but da kayan agaji da tayar safaya, ka zaunar da jami'i, sannan ka kafa masa dogon akwatin fitila a kan rufi. Da ƙyar take taɓa mil 100 a shimfiɗaɗɗen titi, in hawa ne ma ba a magana. Shekara goma sha ɗaya kacal tsakaninta da Polara, hukuma ɗaya, hanyoyi ɗaya. Kuma wallahi ba laifin 318 ba ne, inji ne mai jimiri, a motar tasi ko sintirin cikin gari zai yi shekaru bai ce uffan ba. Laifin na wanda ya ɗauki injin cikin gari ya ce ya je ya kamo mai gudu a babbar hanya ne. Har yau in ana zagin motocin wancan zamanin 318 ake zagi, alhali aikin da aka ba shi ne ba nasa ba. Kuma a tuna, jami'in ba tsere yake yi ba, daga gefen titi yake tasowa, a tsaye, wanda zai kama kuma ya riga ya wuce shi da mil 90. Kafin St. Regis ta kai 90 ɗin mutumin ya yi nisa. Abin da ake bukata a nan jan farko ne da jan tsakiya, daga 60 zuwa 100, kuma nan ne babban inji ke nuna kansa, domin 440 na ba da ƙarfin murɗa 480 tun a juyi 3,200, kana taka totur yana amsawa.

Maganar fitilar rufi kuma kada a raina ta. Ƙarfin da mota ke bukata don ta keta iska yana hawa ne da gudu sau gudu sau gudu. Ma'ana in kana son ka tashi daga mil 120 zuwa 147, ba ƙarin kashi ashirin da biyu cikin ɗari na ƙarfi kake nema ba, kusan ninki biyu kake nema, sau 1.8. Daga 100 zuwa 147 kuwa ya haura sau uku. To a irin wannan yanayi akwatin fitila mai kusurwa huɗu a saman mota yana cin mil da dama daga ƙarshen gudu. Shi ya sa za ka ga da yawa daga motocin hanyar Kalifoniya rufinsu fayau ne, jar fitila a gefen gilashi, wasu a bayan kujera ta ciki. Ba don ɓuya kaɗai ba ne.

Sannan akwai giyar aksul na baya, wadda ba kowa ke tambaya ba. Taya mai tsayin inci 28 tana juyawa kusan sau 720 a mil ɗaya. Giyabos ɗin nan kuma giya ta uku ita ce ƙarshe, ɗaya bisa ɗaya, babu ta sama da ita. In aksul ɗinka 3.23 ne, wato inji na juyawa sau 3.23 kafin taya ta juya sau ɗaya, a mil 120 inji ya riga ya kai juyi 4,650, wato ya hau ƙololuwar ƙarfinsa, kuma don ya kai 147 sai ya yi ihu har wajen 5,700. In 2.76 ne, 147 na zuwa a wajen 4,870, amma tashin farko zai yi nauyi. Saboda haka ba kowace Polara da aka yi wa fenti baƙi da fari ce za ta yi maka wannan gudun ba. Ya danganta da aksul, da taya, da abin da ke kan rufi, da lafiyar injin a ranar. Lambar filin gwaji ce.

To ina bambancin motar ɗan sanda yake, tunda injin ɗaya ne? A sanyaya yake da jimiri. Lagireto babba, fanka mai yawan fukafukai, na'urar sanyaya man giyabos daban, ta baƙin mai daban a wasu, har man sitiyari ana sanyaya shi. Caja babba saboda rediyo da jiniya da fitilu, batir babba. Sifirin da shokozoba masu tauri, sandar hana tangaɗi mai kauri, rim mai faɗi, taya da aka yi don dogon gudu, da maleji da aka tantance har mil 140 don ya zama shaida a kotu. Motar gida za ta iya taɓa 120 na minti ɗaya. Ka riƙe ta a haka minti ashirin a hamadar Mojave, man giyabos zai ƙone ya yi baƙi, faifan kulocin ciki su fara zamewa, ruwa ya tafasa, gaskit ɗin kan inji ya tafi. Ta ɗan sanda kuma bayan wannan gudun za ta tsaya a gefen titi awa biyu inji na aiki, fitilu na kunne, babu iskar da ke shiga lagireto, wanda shi ma wata azaba ce daban.

Burki ne raunin zamanin. Zafin da burki zai sha yana hawa da gudu sau gudu, tsayawa daga 140 ya ninka tsayawa daga 70 sau huɗu. Na ganga in ya yi zafi gangar tana buɗewa, takalmin ya daina kamawa sosai, man burki ya tafasa, feda ta nutse. Shi ya sa gwajin Mishigan da na ofishin sharif na Los Anjalas ba gudu kaɗai suke aunawa ba, suna taka burki a jere har ya yi zafi sannan su auna.

Bayan abin kunyar St. Regis ne Kalifoniya ta juya ga ƙananan motoci. Tun kafin nan sun gwada Camaro Z28 guda 12 a 1979, injinan suka ba da matsala, kamshaf na cinyewa. A 1982 suka ɗauki Ford Mustang kusan 400, inji 302, doki 157 kawai, kusan daidai da 318 ɗin da ake zagi, amma saboda rashin nauyi da ƙanƙantar gaba tana yin wajen mil 126. Ka ga hujjar abin da nake faɗa, lambar doki ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Ko da yake ba su ne farkon masu wannan dabara ba, Alabama ta riga su da AMC Javelin mai inji 401 tun 1971. Ita Mustang ɗin tana da nata matsalolin: giyar hannu ce a na farkon, jami'i na riƙe da makirfo yana canja giya, babu wurin sa wanda aka kama sai an kira babbar mota, bayanta ba nauyi, in an yi ruwa tana juyawa da mutum. An ci gaba da yin ta har 1993, daga 1987 ta kai doki 225.

Wadda ta dawo da martabar babbar mota ita ce Chevrolet Caprice 9C1 ta 1994 zuwa 1996, inji LT1 lita 5.7, doki 260 a sabon awo, ta yi mil 141 a Mishigan. Doki kusan 50 ƙasa da Polara, amma mil shida kawai ta rage mata, saboda bodinta a sulɓe yake, mai na shiga ta injekta, ga giya ta huɗu da ke sauke juyin inji. Ita kuwa Ford Crown Victoria da kuka fi gani, wadda aka daina yi a 2011, doki 250 ce a ƙarshe, kuma kwamfuta ce ke yanke mata gudu a mil 129 in aksul 3.27 ne, 119 in 3.55 ne. Ba inji ne ya gaza ba, farfela ce, wato sandar da ke kai juyin inji ga tayoyin baya: doguwa ce, in juyinta ya wuce iyaka tana fara lanƙwasa tana karkarwa har ta iya tsinkewa, kuma 3.55 na juya ta da sauri fiye da 3.27 a gudu ɗaya.

Ɗan'uwan da ya ce yana sha'awar shigo da irin mai 440 ɗin, ka kula da abu biyu. Matsi 10.1 yana son fetur mai babban oktan, in ka zuba masa na yau da kullum ka ji yana ƙarar ƙusa a hawa, ka ja wuta baya digiri biyu ko uku kafin fistin ya huje. Na biyu, kan injin 1969 an yi shi ne don fetur mai dalma, mazaunin bawul ɗin hayaƙi ba mai tauri ba ne, dogon gudu da marar dalma zai riƙa cinye shi bawul ya nutse, sai an kai wa masu injin yanka sun dasa mazauni mai tauri. Kuma ka duba shekarar da ke jikin tayoyin kafin ka ce za ka ƙure maleji. Wassalam.