Amsa ga mai zuwa Kano yana neman inda zai ci: mai shayi, gidan biredi da gurasa

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka yi kwana goma a Kano, kana son ka zaga teburan masu shayi da gidajen biredi, ka kuma tambaya ko akwai wani bikin abinci da za ka riska. Jera maka sunayen wurare ba zai amfane ka sosai ba, don mai shayin da ya yi suna bana yana iya bar wa yaronsa tebur baɗi. Abin da ya fi shi ne ka san lokacin da kowane abinci yake sauka daga wuta, ka je masa a lokacin.

Mai shayi lokacinsa biyu ne: bayan sallar Asuba zuwa wajen ƙarfe 9, sai bayan Magariba har dare ya yi nisa. Kafin ka zauna a benci, leƙa bokitin wanke kofuna. In guda ɗaya ne, ruwan ya yi fari da madara, wuce gaba. Mai tsabta yana ajiye biyu, na sabulu da na ɗauraya, wani ma sai ya watsa wa kofi tafasasshen ruwa kafin ya haɗa. Daga nan ka ce ya ɗan zuba maka ruwan bunu ka kurɓa tun ba a sa madara ba, a nan ake gane gwani. Ya kamata ka ji citta da kanumfari, wani yakan ƙara masoro ko na'a-na'a. In bauri ka ji ya kama maka harshe, ganyen ne ya daɗe yana tafasa ana ta ƙara masa ruwa, kuma madara ba ta ɓoye shi. Faɗa masa ma'aunin da kake so tun farko: rabin gwangwanin madarar ruwa, Milo ko Bournvita cokali 2, sukari cokali 1. Kana yin shiru zai zuba maka sukari uku ko huɗu. Ka kuma bari ya sheƙa shi tsakanin kofuna biyu, ba don burgewa kawai ake yi ba, shi ke narkar da sukari ya kuma rage zafi.

Indomie ce inda aka fi ɓata wa mutum kuɗi. Ƙaramar leda giram 70 ce, mai bi mata 120. Ƙanana biyu ruwan da suke buƙata bai wuce kashi biyu cikin uku na ledar fiya wata ba. Albasa da attaruhu su fara shiga ruwan su tafasa, sannan taliyar, minti uku a sauke da ɗan danshinta, don tana ci gaba da shan ruwa a faranti. Ruwa ya yi yawa, sai mai shayi ya tsaya jiran ya tsotse, ta caɓe ta koma kamar fate. In soyayya kake so, a tafasa ta minti biyu kawai, a tsane, a soya albasa da attaruhu a mai cokali biyu, sannan a juye ta a barbaɗa sinadarin ɗanɗanon da ke cikin ledar. Wanda ya zuba sinadari a ruwan da zai zubar, ɗanɗanon ya bi kwata. Wani abu kuma: da yawa suna ƙara dunƙulen magi a kan sinadarin ledar, shi ya sa mutum ke kwana shan ruwa. Ce masa kar ya ƙara.

Ƙwai kuwa a fasa a gabanka, ɗaya bayan ɗaya. Sabon ƙwai kwanduwarsa a tsaye take, wanda ya kwana biyu cikin zafin bazara da an fasa sai ta baje. Duba man da ke kaskon ma, in ya yi baƙi yana hayaƙi tun ba a zuba komai ba, ka ce a sauya.

Biredi a hannu ake gane shi. Ɗauki guda ka ji nauyinsa: wanda ya kumbura ƙato amma ba nauyi, ka matsa shi ya lotse ya ƙi dawowa, bar shi. Hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin buromet da wasu ke sawa don biredi ya tashi, don haka nemi lambar hukumar a jikin leda. Zaƙin da ke barin ɗaci a maƙogwaro kuma na sakarin ne, ba na sukari ba. In ka ga gumi a cikin leda, da zafinsa aka ɗaure shi, irinsa kwana biyu ya isa ya yi funfuna. Tambayi masu gidan ƙarfe nawa suke fitar da gashi, ka je a lokacin, ka bar bakin ledar a buɗe har ya huce.

Amma wanda ya zo Kano ya tsaya a biredi ya bar gurasa, bai ci komai ba. Unguwar Jakara ce ta yi suna a kanta. Ƙullin fulawa da yis ne ake mannawa a jikin tanderu bayan itace ya zama garwashi. Mai kyau tana da ɗigo-ɗigon ƙuna a gefe guda, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Bandashe shi ne a jiƙa ta da ruwa kaɗan, a zuba garin ƙuli, man gyaɗa, yaji, albasa, tumatir da kabeji. Abu biyu ke lalata shi: ruwan jiƙon in an wuni ana tsoma hannu a ciki, da ƙulin da ya tsufa mansa ya fara wari. Shinshina ƙulin, ba wanda zai ji haushi. Da daddare kuma ka kai ta wurin mai tsire ya ɗumama maka ita a gefen wuta, ta sha man naman.

Masa ta safe ce, a ci ta tana fita daga tanda. In ta yi launin ɗorawa tana ɗaci, kanwa aka cika don a kashe tsamin ƙullu.

Sababbin wuraren shan gahawa na unguwar Nasarawa da kewaye, kuɗin sanyin ɗaki da kujera kake biya. Tambayi ko niƙa 'ya'yan gahawar suke yi ko Nescafé ce ta gwangwani, amsar ta ishe ka.

Batun biki, ya danganta da watan da za ka zo. Kasuwar baje koli ta Kano da ke titin gidan Zu takan ci ne tsakanin ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, lokacin sabon gero, rake da gyaɗa, kayan lambu ma sun fara shigowa daga Kura da Kadawa. Takutaha tana zuwa mako guda bayan Mauludi, ranar da ake hawa dutsen Dala, gidajen cikin birni na girki ana rabawa. In za ka iya tafiya, bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi ya samo asali tun 1934, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kundinta na al'adun gargajiya a 2016, ana yin sa wajen Fabrairu zuwa Maris, sai dai ba kowace shekara ba, tabbatar kafin ka kama hanya. A irin wannan taro ka sayi abin da aka tsamo daga mai ko aka ɗauke daga garwashi a gabanka. Shinkafar da aka zuba a kula tun hantsi da haɗin kabeji mai Bama da ya sha rana, su ne ke kai mutum ɗakin magani. Ɗanyen kifi ka ɗaga marfin kunnensa, ja ya kamata ka gani, ido kuma garau. Ka riƙo tsabar kuɗi da ƙananan canji, don in jama'a ta cika fili tura kuɗi ta waya yakan ƙi tafiya.