Shin hasken gama daga taurari zai cutar da masu kwana a tsakar gida?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Wani saƙo yana yawo a WhatsApp cewa mugun haske zai sauko daga taurari da tsakar dare, a kashe waya, kada kowa ya kwana a waje. Magidanta sun tsorata, suna tura iyalansu ɗaki cikin wannan zafi. Akwai gaskiya a ciki?

Amsa: Malam, hasken gama daga taurari, wato wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, gaskiya ne, amma saƙon ƙarya ne tsagwaronta. Manyan taurari suna samar da wani nau'in sinadarin alminiyam da ake kira alminiyam-26 a lokacin rayuwarsu da kuma sa'ad da suka fashe, kuma rabinsa yana rikiɗewa cikin kimanin shekara 717,000, yana fitar da hasken gama mai ƙarfin 1.809 MeV (ma'aunin ƙarfin irin wannan haske). Tauraron ɗan'adam na Amurka, HEAO-3, shi ya fara gano hasken da alminiyam-26 ke fitarwa, aka sanar a 1984, sannan INTEGRAL na Turai da aka harba a 2002 ya ci gaba da aunawa. Abin da ya sa sai an harba na'ura sama shi ne iskar da ta lulluɓe duniya, wadda nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10, tana shanye hasken tun bai iso ƙasa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan saƙo ya shekara da shekaru yana dawowa, ana jingina shi ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kullum kuma "daren yau" ne, babu kwanan wata. Hasken da yake kwarara dare da rana tun kafin kakanninmu, ta yaya zai zaɓi ƙarfe sha biyu da rabi? Waya ba ta jawo shi, kuma da a ce yana isowa, kwanon rufin ɗaki ba zai tare shi ba. Cutar tana cikin bin saƙon, domin cusa yara takwas cikin ɗaki mai ƙaramar taga a watan Afrilu, lokacin da sanƙarau ke yaɗuwa cikin cunkoso, ganganci ne, haka ma kashe waya a gidan da mai tsohon ciki za ta iya fara naƙuda da asuba. Mai tura saƙon da bai tantance ba yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya.

Ka sanar da mai unguwa da liman cewa a shimfiɗa tabarma a waje, a ɗaura gidan sauro, a bar waya a kunne.