Tambaya da Amsa: Shin Sai An Yi wa Busasshen Dutse Wankan Asid Kafin a Sa Shi a Tankin Murjani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma na sayi tankin gilashi mai cin lita 300 da niyyar kiwon murjani, wato halittar teku mai rai da ke gina ƙashi kamar dutse, da ƙananan kifayen teku. Na samu busasshen dutse kilo 25 a hannun wani da ya daina wannan kiwo, dutsen ya shekara biyu a ajiye, kuma idan aka jiƙa shi yana ɗan wari. Wasu sun ce lallai sai na wanke shi da asid, wasu kuma sun ce ɓarnar dutse ce kawai. Wanne zan bi? Kuma ruwan batir zai iya yin wannan aiki? Daga wani mai karatu, Jidda, Saudiyya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da ruwan batir, domin amsarsa ba ta da tsawo: kada ka kusance shi. Asid ɗin da ke cikin batir salfurik ne, kuma idan ya taɓa irin wannan dutse sai ya bar wani farin ɓawo a kansa wanda zai toshe ramukan dutsen ya kuma tsayar da aikin tun bai yi nisa ba. Idan kuma daga cikin tsohon batir aka zuko shi, to yana ɗauke da dalma, wadda guba ce ga duk abin da za ka sa a tankin. Asid ɗin da masu wannan kiwo suke nufi shi ne haidrokulorik, wanda ake sayarwa a shagunan kayan gini domin wanke siminti da gyaran ruwan wurin ninkaya, kuma ƙarfinsa yakan kai kashi 31 cikin 100.

Dutsenka asalinsa ƙashin murjani ne da na sauran halittun teku, wato sinadarinsa ɗaya da na dutsen da ake haƙa domin yin siminti. Irin wannan dutse yana da hali guda da ke wahalar da masu tanki: yana riƙe sinadarin fosfet a fatarsa, sannan ya riƙa sakinsa a hankali idan ya shiga ruwan da ba shi da fosfet sosai. Dutsen da ya yi shekaru a tankin wani, inda ake zuba wa kifi abinci kullum, yakan sha fosfet ya ƙoshi. Da zarar ka kunna fitilar tankinka, wannan fosfet shi ne takin da zai ciyar da gansakuka, sai ka wayi gari dutsen ya lulluɓe da koren gashi, murjanin da ka saya da tsada kuma ya kasa girma. Abin da asid yake yi shi ne ya narkar da fatar dutsen ta waje, ta tafi da fosfet ɗin da ke manne da ita. Iyakarsa ke nan, kuma ba kyauta yake yin aikin ba, domin lita ɗaya ta wannan asid tana cinye kusan rabin kilo na dutse, sassan da suka fi sirantaka da kyawun siffa kuwa su suka fi saurin lalacewa.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka fara da asid. Warin da kake ji ba daga fosfet yake fitowa ba, daga matattun soson teku da tsutsotsi da gansakuka da suka bushe a cikin ramukan dutsen ne, kuma maganinsu bilic ne. Ka sami bilic marar turare, ka haɗa kashi 1 da kashi 10 na ruwa a cikin robar da za ta ɗauki dutsen duka, ka bar shi ya yi kamar mako guda a inuwa. Bayan haka ka ɗauraye shi sosai, ka jiƙa shi a ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin, sannan ka shanya shi a rana har sai ka kai hancinka kusa da shi ba ka ji ƙanshin bilic ba ko kaɗan. Ranar Jidda ba za ta sa ka jira da yawa ba.

Daga nan sai gwaji. Ka sa dutsen a ruwan gishirin da ka haɗa da ruwan da na'urar RO (mai cire gishiri da sauran sinadarai daga ruwa) ta tace, ka sa ƙaramin famfo yana juya ruwan, ka rufe, bayan mako guda ka auna fosfet. Idan ma'aunin bai wuce miligiram 0.1 a kowace lita ba, to dutsenka ba ya bukatar asid. Idan ya haura nesa da haka, kuma ka canja ruwan sau biyu ko uku bai sauka ba, a nan ne wankan asid yake da hujja, ko da yake akwai masu haƙurin da suke ci gaba da canja ruwa, ko su yi amfani da sinadarin lantanam mai kama fosfet, har dutsen ya gama amayar da abin da ya sha.

Idan ka yanke shawarar yi, ka yi shi a fili inda iska take kaɗawa, nesa da yara da dabbobi da duk wani abu na ƙarfe, domin tururin wannan asid yana sa tsatsa. Ka sa doguwar safar hannu ta roba da tabaran da ke rufe ido ta kowane gefe, ka ajiye tiyon ruwa da bekin soda mai yawa kusa da kai. Ka jera dutsen a cikin roba, ka zuba ruwa ya rufe shi, amma kada ruwan ya wuce rabin robar. Sannan ka zuba asid kashi 1 a kan ruwa kashi 10, a hankali, kaɗan-kaɗan. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid, domin hakan yana sa ya yi zafi ya fantsamo wa mutum a fuska. Nan take za ka ji ruwan yana tsuwa kamar an jefa ɗanyen nama a tafasasshen mai, kumfa mai launin ƙasa ta taso tana neman bakin robar, wanda shi ne dalilin barin rabinta babu komai. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Sai ka riƙa barbaɗa bekin soda har kumfar ta daina tashi, ka zubar da ruwan, ka wanke dutsen da tiyo mai ƙarfi, ka jiƙa shi kwana biyu ko uku a ruwan RO kana canjawa.

Abu ɗaya da ba ya karɓar kuskure shi ne haɗuwar bilic da asid. Idan suka haɗu suna fitar da iskar kulorin, wadda take ƙona huhu, kuma ko ragowar bilic da ta ɓuya a ramukan dutsen ta isa ta jawo wannan. Shi ya sa na nace a kan shanya dutsen har ya bushe ƙarau kafin a zo batun asid.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata ka yi wa wanda ya sayar maka. Ta farko, ko ya taɓa sa maganin kifi mai jan ƙarfe a tankinsa, domin dutse yana shan jan ƙarfe, jan ƙarfe kuma yana kashe murjani da jatan lande, kuma ni ba zan dogara da asid ya fitar da shi duka ba. Ta biyu, ko dutsen irin na kamfani ne da aka yi wa launin shunayya, domin asid zai kankare launin da aka biya kuɗi dominsa.

Ko ka yi wankan asid ko ba ka yi ba, dutsen da ya fito daga bilic ba shi da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Sai ka sa shi a tankin, gishirin ruwan ya kai 1.025 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri, ka zuba bakteriyar da ake sayarwa a kwalba da ɗan amoniya domin ciyar da ita, ka jira mako 4 zuwa 6 har ma'auni ya nuna amoniya da naitrait sun koma sifili kafin kifi na farko ya shiga.